Fam 20 a mako: yadda Ingila ta ƙayyade albashin 'yan ƙwallo na shekara 60, da abin da ya biyo bayan cire dokar

Gasar da ta fi kowace zuba wa 'yan ƙwallo albashi a yau, wato ta Ingila, ta taɓa yin shekara 60 cur tana aiki da dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da wani adadi, komai gwanintarsa. An kafa dokar a 1901, aka soke ta a Janairun 1961. Duk wata hujja da ake kawowa yanzu a muhawarar ƙayyade albashi, ta masu so da ta masu ƙi, an riga an gwada ta a can, kuma an ga abin da ta haifar.

## Asalin lamarin: 1885 zuwa 1901

A watan Yulin 1885 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta halatta biyan ɗan wasa kuɗi. Ba da son ranta ta yi ba. Kulob-kulob na garuruwan masaƙu a arewacin ƙasar sun daɗe suna biya a ɓoye, kuma sun yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar. A 1888 kulob 12 suka kafa gasar lig, ta farko irinta a duniya. Nan da nan matsalar ta bayyana: kulob mai yawan 'yan kallo ya fi tara kuɗin ƙofa, mai kuɗi shi ke janye gwanaye, wanda ya tara gwanaye kuma shi ake tururuwar zuwa kallo. Ƙananan kulob suka ga in aka ci gaba a haka, za su koma 'yan rakiya.

Aka nemi magani ta hanya biyu. Na farko ya zo a 1893, tsarin riƙewa da sayarwa. Kwantiragin ɗan wasa na shekara ɗaya ne, amma rajistarsa tana hannun kulob ko bayan kwantiragin ya ƙare. In kulob ya ce ya riƙe ka, ka ƙi sa hannu a kan abin da aka ba ka, to albashi ya tsaya, kuma ba wani kulob na lig da zai iya ɗaukar ka. In ya ga dama ya sa ka a kasuwa, shi ke yanka farashi.

Na biyu shi ne iyakar albashi, wadda ta fara aiki a 1901: fam 4 a mako, babu tukuicin cin wasa, kuɗin sa hannu kuma bai wuce fam 10 ba. Fam ɗin nan irin lissafin da aka yi ciniki da shi ne a Najeriya kafin zuwan naira a 1973, fam ɗaya sule 20. A wancan zamani fam 4 ya kai kusan ninki biyu na abin da ƙwararren ma'aikacin masana'anta ke samu, kuma 'yan wasa kaɗan ne albashinsu ya haura haka. Manyan kulob irin su Aston Villa ba su so dokar ba, ƙananan ne suka rinjaye su da ƙuri'a.

Masu kulob suna da hujjar cewa su ma ba su sake wa kansu mara ba. Tun 1896 FA ta hana a raba wa masu hannun jari ribar da ta wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma daraktoci ba sa karɓar albashi. A ganinsu kulob kayan gari ne, ba kanti ba. Abu guda da aka bari ba iyaka shi ne kuɗin da kulob ke biyan wani kulob don sayen ɗan wasa. A 1905 Middlesbrough ta sayi Alf Common daga Sunderland a kan fam 1,000, shi kuwa yana nan a kan fam 4.

## Kuɗi sun bi ta bayan fage: 1904 zuwa 1919

Ba a je ko'ina ba aka fara karya dokar. Manchester City ta ci Kofin FA a 1904, kyaftin ɗinta Billy Meredith, ɗan Wales da ya fara rayuwa a ramin haƙar kwal, shi ya ci ƙwallon. A 1905 aka zarge shi da yunƙurin ba wani ɗan wasan Aston Villa cin hanci, aka dakatar da shi. Da ya ga kulob ɗinsa ya juya masa baya, sai ya fasa ƙwai: ya ce City ta daɗe tana biyan 'yan wasanta fiye da fam 4, shi kansa fam 6 yake karɓa. A 1906 FA ta dakatar da 'yan wasa 17 tare da cin su tara, ta hana su sake buga wa City, ta kuma kori kocin daga harkar ƙwallo. Huɗu daga cikinsu, har da Meredith, suka tsallaka Manchester United, wadda ta ci lig a 1908.

Meredith bai tsaya nan ba. Ranar 2 ga Disamban 1907, shi da Charlie Roberts da wasu suka kafa ƙungiyar 'yan wasa a wani otal a Manchester, babban burinsu a cire iyakar. A 1909, da ƙungiyar ta nemi haɗewa da tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago, FA ta umarci kowane ɗan wasa ya fice daga cikinta ko a dakatar da shi. Akasari suka fice. 'Yan wasan Manchester United suka ƙi, aka hana su albashi, suka koma atisaye su kaɗai, har suka ɗauki hoto da allo a gabansu suna kiran kansu korarru. Dab da buɗe kaka aka sasanta: FA ta amince da ƙungiyar, ita kuma ta haƙura da haɗewar. Iyakar tana nan daram.

Sai aka gwada kotu. A 1912 ƙungiyar ta tsaya wa Herbert Kingaby, wanda Aston Villa ta ɗora wa farashin da ya hana kowa saye, ga shi ba ta sa shi wasa. Lauyan ya ɓata lokacinsa wajen nuna cewa Villa ta yi haka ne da mugun nufi, bai taɓo halaccin tsarin kansa ba. Aka faɗi shari'ar, kuɗin da aka kashe ya kusa tsiyata ƙungiyar, kuma sai da aka shekara 50 kafin wani ya sake tunkarar kotu da maganar.

Hukumomi kuwa suka ci gaba da horo. A Oktoban 1919 aka kori Leeds City daga lig baki ɗaya, saboda ta ƙi buɗe littattafanta a binciken biyan kuɗi ba bisa ƙa'ida ba lokacin yaƙi. Aka yi gwanjon 'yan wasanta a otal. Leeds United ta yau a kan kufanta aka gina ta.

## Filaye sun cika, albashi ya tsaya: 1920 zuwa 1949

A 1920 iyakar ta kai fam 9. A 1922, da tattalin arziki ya karye, aka rage ta zuwa fam 8 a lokacin wasa da fam 6 a hutun ƙarshen kaka, kuma a haka ta zauna har Yaƙin Duniya na Biyu. Dixie Dean na Everton ya ci ƙwallo 60 a lig a kakar 1927–28, tarihin da har yau ba a karya ba, a kan fam 8. A 1928 Arsenal ta biya Bolton sama da fam 10,000 don David Jack.

Bayan yaƙi jama'a suka yi wa filaye cikar kwari. A kakar 1948–49 an sayar da tikiti sama da miliyan 41 a wasannin lig, adadin da bai taɓa kaiwa haka ba. Iyakar a lokacin fam 12 ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai kuɗin ba aljihun daraktoci kai tsaye suke shiga ba, tunda an taƙaita riba. Mafi yawa a sayen 'yan wasa suke tafiya, daga wannan kulob zuwa wancan.

Ƙungiyar 'yan wasa a waɗannan shekaru ƙari take nema, kuma tana samu kaɗan-kaɗan: fam 14 a 1951, fam 15 a 1953, fam 17 a 1957, fam 20 a 1958. Amma albashin sauran ma'aikata ya fi saurin tashi. Zuwa 1960 ma'aikacin masana'anta yana samun kusan fam 15 a mako, wato tazarar da ke tsakaninsa da kyaftin ɗin Ingila ba ta wuce fam 5 ba, ga shi aikin ɗan ƙwallo yakan ƙare tun yana ɗan shekara 30 da 'yan kai. Masu yi su kaɗai ba su kai labari ba. Wilf Mannion na Middlesbrough ya ƙi sa hannu a 1948, ya yi watanni a gida, daga baya ya dawo don ba shi da wata mafita.

## Ƙofar waje ta buɗe: 1950 zuwa 1957

A 1950 gasar Kolambiya tana waje da ikon FIFA, saboda haka kulob-kulob ɗinta ba sa biyan kuɗin sayen ɗan wasa, kai tsaye suke zuba wa mutum kuɗi. Neil Franklin na Stoke, wanda ake ganin babu kamarsa a masu tsaron bayan Ingila, ya tafi Bogota, babban birnin Kolambiya, ana dab da gasar cin Kofin Duniya. Bai yi wata biyu cikakku ba ya dawo, aka dakatar da shi, bai sake sa rigar Ingila ba. Charlie Mitten na Manchester United ya yi shekara guda a can, da ya dawo aka ci shi tara, aka dakatar da shi wata shida, aka sayar wa Fulham. Saƙon ya isa kunnen kowa.

Italiya kuwa ba a iya rufe ta da horo, don tana cikin FIFA, kuma ba ta da iyakar albashi irin ta Ingila. A 1952 shugaban Palermo ya yi wa Tom Finney, tauraron Preston da Ingila, tayin fam 10,000 kuɗin sa hannu, da fam 130 a wata, da gida da mota. Finney yana karɓar fam 14 a mako a Preston, yana haɗawa da sana'arsa ta gyaran famfo. Ya kai maganar gaban shugaban kulob, aka ce masa ko dai Preston ko ba ko'ina. Ya zauna. A nan aka ga yadda dokokin biyu ke riƙe da juna: iyakar albashi tana sa ɗan wasa son tafiya, tsarin riƙewa yana hana shi.

Inda kulob ya ga kuɗin da ba zai iya kawar da kai ba, ya sayar. A 1957 Leeds ta karɓi fam 65,000 daga Juventus a kan John Charles, wanda ya ci wa Juventus lig uku. Tun kafin nan, a Nuwamban 1953, Hungary ta zo har Wembley ta lallasa Ingila 6–3, jaridu suka fara tambayar ko tsarin da ke biyan gwani daidai da ɗan cike gurbi ba ya cikin abin da ya jawo koma baya. A ƙarƙashin wannan doka ne ma Teslim Balogun na Najeriya ya buga wa Queens Park Rangers a kakar 1956–57.

## Lissafin ciyawa: 1957

A farkon 1957 wata wasiƙa da ba a san marubucinta ba ta isa ofishin lig, tana zargin Sunderland da biyan kuɗi a ɓoye. Masu bincike suka bi littattafan ba su ga komai ba, sai da idonsu ya faɗa kan wani layi: fam 3,000 na ciyawa. A lokacin hunturu akan shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan fili don kada sanyi ya daskarar da ƙasa, amma wannan adadi ya ishi fili ɗaya shekaru masu yawa. Ashe kulob ɗin yakan yi odar fiye da buƙata, ɗan kwangila ya maido da rarar, a mayar da ita tsabar kuɗi a raba wa 'yan wasa. Aka ci Sunderland tarar fam 5,000, aka dakatar da shugabanta da wasu daraktoci, aka haramta wa wasu 'yan wasa ƙwallo. A 1958 ta faɗa rukuni na biyu, karon farko a tarihinta.

A 1957 ne ƙungiyar 'yan wasa ta yi sabon shugaba, Jimmy Hill na Fulham, mai gemu da kaifin baki, tare da sakatare Cliff Lloyd. Maimakon su roƙi afuwa, sai suka zagaya ƙasar suna tattara sa hannun 'yan wasan da suka amsa cewa su ma sun taɓa karɓar irin wannan kuɗi. Da jerin ya yi tsawo, hukumomi suka ga in za a yi horo, rabin lig za a kora. Aka janye haramcin. A 1958 ƙungiyar ta sauya suna zuwa PFA.

## Daga takarda zuwa barazanar yajin aiki: Afrilun 1960 zuwa Janairun 1961

A 1960 PFA ta daina neman ƙari. Ta miƙa buƙatu huɗu: a soke iyakar gaba ɗaya, a ba ɗan wasa kaso cikin kuɗin sayar da shi, a gyara tsarin riƙewa, a sake fasalin kwantiragi. Taron shekara na masu kulob ya yi biris da su. Hill ya kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago, wato ya mayar da maganar rikicin ma'aikaci da ubangidansa kamar na kowace masana'anta, abin da masu kulob suka daɗe suna gudu.

Babbar matsalar Hill a cikin gida take. Kulob 92 ne a rukuni huɗu, kuma yawancin 'yan wasa ba su ma kai fam 20 ɗin ba. Me zai sa ɗan rukuni na huɗu ya shiga yajin aiki don taurari su yi kuɗi? Wasu ma tsoro suke ji kada kulob ya zuba wa mutum biyu kuɗi ya sallami biyar. Don haka aka haɗa maganar da mafi ƙarancin albashi da tsawon kwantiragi da 'yancin tashi, abubuwan da suka shafi kowa. Aka riƙa kiran taruka a Landan da Birmingham da Manchester, ana jefa ƙuri'a a gaban 'yan jarida.

A taron Manchester wani matashi ya miƙe ya ce mahaifinsa mai haƙar kwal ne, bai kai fam 20 ba, don haka shi bai ga dalilin yaji ba. Tommy Banks na Bolton, mai tsaron baya ta hagu, wanda shi ma ya yi aikin rami, ya ba shi amsa. Ya ce yana girmama aikin mahaifin nasa, kuma zai iya shiga rami gobe ya yi shi, amma yana so ya ga ko dattijon zai iya tare Stanley Matthews, shahararren ɗan wasan gefe na Blackpool, ranar Asabar a gaban dubban mutane. Matthews yana zaune a wurin. Ɗakin ya kece da dariya, kuma Matthews, wanda shekarunsa 45 a lokacin kuma ba abin da zai ƙaru da shi sosai, ya ɗaga hannu tare da masu goyon baya.

Lig, ƙarƙashin shugabanta Joe Richards da sakatare Alan Hardaker, ta yi tayin ɗaga iyakar zuwa fam 30. Aka ƙi. PFA ta sa ranar yajin aiki, Asabar 21 ga Janairun 1961. Masu kulob suka rabu gida biyu, don manyan cikinsu sun gaji da ɓoye-ɓoye kuma suna ganin Italiya na kwashe musu kaya. Suka amince su saki iyakar amma su riƙe tsarin riƙewa. 'Yan wasa suka ce ba su yarda ba. Ranar 18 ga Janairu, saura kwana uku, aka cim ma yarjejeniya a Ma'aikatar Ƙwadago: iyakar albashi ta tafi, tare da alkawarin sassauta riƙewa. Aka janye yajin.

Shugaban Fulham, Tommy Trinder, ɗan wasan barkwanci ne, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa da doka ta bari, da ya biya ɗan wasansa Johnny Haynes, kyaftin ɗin Ingila, fam 100 a mako. Doka ta bari, Haynes ya zo da maganar, dole ya cika. Albashin kyaftin ɗin Ingila ya ninka biyar a tashi ɗaya.

## Igiyar da ta rage: 1961 zuwa 1963

Cire iyakar bai tsayar da hijira nan take ba. A tsakiyar 1961 Jimmy Greaves ya tafi AC Milan, Denis Law ya tafi Torino, Gerry Hitchens ya tafi Inter. Amma yanzu akwai abin da za a dawo a tarar. Greaves ya koma Tottenham a Disamban shekarar a kan fam 99,999, Law ya koma Manchester United a 1962 a kan fam 115,000.

Alkawarin sassauta riƙewa kuwa, masu kulob suka taru suka yi fatali da shi. Sai dai akwai shari'a a hanya. George Eastham na Newcastle ya nemi a sake shi tun 1959, aka ƙi. A 1960 ya ajiye takalmi ya koma aiki a kamfanin wani aminin gidansu a kudancin ƙasar. Newcastle ta gaji ta sayar da shi ga Arsenal a kan fam 47,500, amma PFA ta roƙe shi kada ya janye ƙarar, ta ɗauki nauyin lauyoyi. Wannan karon tsarin kansa aka kai ƙara. A Yulin 1963 Mai Shari'a Wilberforce ya yanke cewa riƙe mutum bayan kwantiraginsa ya ƙare, ba tare da biyansa ba, tauye masa hanyar neman abinci ne ba bisa ƙa'ida ba. Eastham bai samu diyya ba. Cikakken 'yancin tashi sai a hankali ya zo: gyaran 1978, sannan hukuncin kotun Turai a ƙarar ɗan wasa Bosman a Disamban 1995.

## Garuruwan masaƙu da manyan birane: 1961 zuwa 1992

Masu adawa da cire iyakar sun yi gargaɗin cewa kulob-kulob na ƙananan garuruwa za su nutse. A yankin Lancashire, inda garuruwan masaƙu suke, abin ya faru a jere. Preston ta faɗa rukuni na biyu a 1961, shekara guda bayan ritayar Finney, kuma har yau ba ta dawo rukunin farko ba. Bolton ta bi a 1964, Blackburn a 1966, Blackpool a 1967. Burnley, garin da mutanensa ba su wuce 80,000 ba, ta ci lig a 1960, ta yi ta biyu a 1962, ta koma raino tana sayarwa, ta faɗi a 1971. A Mayun 1987 sai da ta ci wasanta na ƙarshe kafin ta tsira daga ficewa daga rukuni na huɗu.

A shekarun nan dai masaƙun auduga suna rufewa, mutane suna barin garuruwan, mota ta yawaita har mutumin Bolton na iya zuwa Manchester kallo ya dawo gida cin abincin dare, talabijin kuma ta fara nuna manyan wasanni duk mako daga 1964. Yawan 'yan kallo ma tun kafin 1961 yake raguwa, ya sauko ƙasa da miliyan 30.

A saman teburi kuwa gasar ba ta mutu ba. Daga 1967 zuwa 1973 kulob bakwai daban-daban ne suka ci lig a kaka bakwai: Manchester United, Manchester City, Leeds, Everton, Arsenal, Derby, Liverpool. Nottingham Forest ta ci a 1978. A zamanin iyakar, Huddersfield ta ci sau uku a jere, Arsenal ta ci sau biyar tsakanin 1931 da 1938. Ingila ta ɗauki Kofin Duniya a 1966, kuma tsakanin 1977 da 1984 kulob-kulob ɗinta sun ci Kofin Turai bakwai cikin takwas.

Sauye-sauye biyu suka biyo baya da suka shafi rabon kuɗi. Har zuwa 1983 kulob mai ziyara yana da kaso a kuɗin ƙofar mai masauki, wato ƙaramin kulob yana cin arzikin taron Old Trafford da Anfield. A shekarar aka soke. A 1992 kulob 22 na rukunin farko suka ɓalle suka kafa Firimiya, da kwangilar talabijin ta fam miliyan 304, suka daina raba kuɗin da sauran rukunai yadda aka saba. Daga 1992 zuwa 2025 kulob bakwai ne kacal suka ɗauki kofin.

## An sake gwadawa: Agustan 2020 zuwa Fabrairun 2021

A Agustan 2019 aka kori Bury daga lig saboda bashi. Sai annobar korona ta rufe filaye, kuɗin ƙofa ya ƙafe. Ranar 7 ga Agustan 2020 kulob-kulob na rukuni na uku da na huɗu suka jefa ƙuri'ar dawo da iyaka, wannan karon a kan tawaga gaba ɗaya, ba mutum ɗaya ba: fam miliyan 2.5 a shekara a rukuni na uku, fam miliyan 1.5 a na huɗu. Manyan cikinsu irin su Sunderland da Portsmouth suka yi adawa, don mai tara mutum dubu 20 zuwa 30 a fili an daidaita shi da mai tara dubu 3.

PFA ta kai ƙara, tana cewa akwai kwamitin haɗin gwiwa da dole a bi ta cikinsa kafin a taɓa sharuɗɗan aikin 'yan wasa, kuma an tsallake shi. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 kwamitin raba gardama mai zaman kansa ya ba ta gaskiya. Aka janye iyakar bayan wata shida, aka koma tsohon tsarin da ke auna albashi da kason kuɗin shigar kowane kulob.

## Auna sakamako

Iyakar 1901 ta yi nasara a abu ɗaya: ta danne albashi. Ta kuma taimaka wa Preston ta riƙe Finney, Blackpool ta riƙe Matthews, tunda ba abin da Arsenal za ta ba su a fili da ya fi na gida. Amma ba ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. Da babu tsarin riƙewa, da Finney ya tafi Palermo tun 1952. Abin da ake yabawa a matsayin daidaito, da 'yancin ɗan wasa aka saye shi, kuma shi kaɗai ya biya.

Ba ta hana mai kuɗi amfani da kuɗinsa ba. Ta dai karkatar da su zuwa kasuwar saye da sayarwa, inda babu iyaka, da kuma kuɗin ɓoye a ambulan da lissafin ciyawa. Dokar da City ta karya a 1904, Sunderland na karya ta bayan shekara 50, kuma waɗanda aka kama ba su ne kaɗai masu yi ba.

Yunƙurin 1909 da na 1912 da na Mannion sun faɗi ne saboda ko dai mutane kaɗan ne a ciki, ko an kai ƙarar abin da bai dace ba. Na 1961 ya ci saboda Hill ya jawo 'yan ƙananan rukunai, ya raba kan masu kulob, ya sa gwamnati a tsakiya, kuma akwai Italiya a gefe tana nuna ainihin farashin ɗan wasa. Wannan na ƙarshen shi ne bambancin ƙwallon ƙafa da wasannin Amurka da ake yawan kafa hujja da su. A can iyakar tana cikin yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa, ana ba su sanannen kaso na kuɗin shiga, babu faɗuwa rukuni, kuma babu wata gasa a waje da ke biyan abin da ya kai nasu. Ingila ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan a 1961, haka ma a 2020.

A ganina cire iyakar daidai ne, kuma an makara wajen yinsa. Gargaɗin masu adawa ma ba ƙarya ba ne, garuruwan Lancashire shaida ne. Sai dai in aka bi jerin zakarun lig, ba a 1961 ƙofa ta fara rufewa ba. Bayan 1983 da 1992 ne, lokacin da manyan kulob suka daina raba kuɗin ƙofa da na talabijin yadda ake yi a da. Waɗannan shawarwari masu kulob ne suka yanke su, ba 'yan wasa ba.

Tsarin da ake bi yanzu ya kauce wa matsalar doka, amma bai taɓa matsalar rabon kuɗi ba. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ce daga kakar 2025–26 abin da kulob mai buga gasanninta ke kashewa a kan tawagarsa kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shigarsa. Irin wannan tsari zai iya hana wani kulob bin sawun Bury. Amma kulob mai samun fam miliyan 600 an ba shi damar kashe miliyan 420, mai samun miliyan 150 kuma an tsayar da shi a miliyan 105, ko da ya samu attajirin da ke son cike masa giɓin.